Kafin wayoyin 2020 su mutu: yadda za a adana ayyukan ɗalibai da tarihin wasanninsu na zamanin korona

Ranar 19 ga Maris 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a faɗin Najeriya saboda korona. Bayan kwana huɗu ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta tsunduma yajin aikin da ba ta janye ba sai ranar 23 ga Disamba. Ɗaliban jami'o'in gwamnati da dama sun yi kusan wata goma a gida. A wannan zaman ne wasu suka rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, wasu suka duƙufa zane, 'yan wasan kwaikwayo suka riƙa ɗaukar kansu a tsakar gida, 'yan ƙwallo da 'yan tsere kuma suna atisaye su kaɗai suna tura wa koci bidiyo. Gasar wasanni ta ƙasa da aka shirya yi a Edo a 2020 sai a Afrilun 2021 aka yi ta. Gasar jami'o'i ta NUGA kuwa, tun bayan ta Makurdi a 2017, ba a sake haɗuwa ba sai a Jami'ar Legas a Maris 2022. Ke nan ɗalibi zai iya shiga jami'a, ya yi shekaru yana horo, ya fita bai taɓa taka filin gasar ba.

A Amurka, inda NCAA, hukumar wasannin kwalejojin ƙasar, ta soke gasar ƙwallon kwando ta kwalejoji ranar 12 ga Maris 2020, karo na farko tun da aka fara ta a 1939, malaman tarihi a Jami'ar Jihar Arizona sun buɗe rumbu a intanet tun a watan, suna karɓar hotuna da labarai daga kowa. Sun tara nasu tun ƙarfe na da zafi. Mu namu yana nan warwatse a wayoyin da allonsu ya fashe, da zaurukan WhatsApp da aka daina magana a ciki, da asusun imel da aka manta kalmar sirrinsa. Don haka duk wanda zai ɗauki wannan aiki, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce, ko ƙungiyar marubuta ta jami'a, ko ofishin wasanni, ya fara da abin da ya fi kusa da ɓacewa, ba da abin da ya fi burge shi ba.

Abin da kamfanoni ke gogewa da kansu

Taron karatun waƙa da wasannin da aka watsa kai tsaye a Facebook su ne a bakin rami. Daga 19 ga Fabrairu 2025 kamfanin ya koma ajiye bidiyon kai tsaye na kwana 30 kawai, tsofaffin kuma ya sanar cewa zai goge su bayan ya ba masu su wa'adin kwana 90 su sauke. Wanda bai sauke nasa ba, mai yiwuwa ya riga ya tafi. Abin yi a nan shi ne a tambayi duk wanda ya taɓa riƙe shafin, da waɗanda suka yi magana a taron, ko wani ya ajiye kwafi.

Google kuma tun Disamba 2023 ya fara aiki da dokar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, tare da hotuna da takardun da ke ciki. Ƙungiyoyin ɗalibai ne suka fi faɗawa wannan rami, domin sakataren da ya buɗe imel ɗin ƙungiya ya gama karatu ya tafi da kalmar sirri. Idan an samu shiga, kada a tsaya sauke hotuna ɗaya bayan ɗaya. A yi amfani da Google Takeout, a zaɓi Drive da Photos da Gmail, ya haɗa komai a dunƙule. Imel ɗin da makaranta ta ba ɗalibi ma haka, ana iya rufe shi bayan ya kammala. WhatsApp yana goge asusun da ya kwana 120 bai hau intanet ba, layin wayar da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfanin sadarwa yana sayar wa wani, wanda duk lambar tabbatarwa za ta riƙa zuwa hannunsa.

Zauren WhatsApp na ƙungiya shi kansa kundin tarihi ne: a nan aka sanar da ɗage wasa, a nan aka yi gardama kan komawa atisaye, a nan aka fara liƙa baitocin da daga baya suka zama waƙa. A nemi mamban da ya fi daɗewa a zauren kuma bai taɓa share hirar ba. Ya buɗe zauren, ya danna ɗigo ukun nan na sama, ya shiga More, ya zaɓi Export chat. Idan ya haɗa da hotuna zai samu saƙonni 10,000 na baya-bayan nan, idan rubutu kaɗai ne har 40,000. Zauren da ake surutu sosai, saƙonnin 2020 ba za su shigo cikin 10,000 ba, don haka a fitar da shi sau biyu, da hotuna da kuma babu.

Asali da kwafin kwafi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce wa mutane “ku turo hotunanku ta WhatsApp.” Hoton da kyamarar waya ta ɗauka yakan kai megabayit 3 zuwa 5, kuma a cikinsa akwai ranar ɗauka da sa'a da samfurin waya. Idan ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi ya koma ƙasa da rabin megabayit, a kuma cire waɗannan bayanai. A allon waya ba za a ga bambanci ba, sai ranar da aka zo buga shi a takarda ko ana son karanta lambar da ke bayan jesi.

Sunan fayil yana tona asiri. Wanda ya fara kamar IMG_20200614_163205 daga kyamara yake. Wanda ke da WA a ciki, kamar IMG-20200614-WA0007, ya bi ta WhatsApp, kuma ranar da ke jikinsa ranar da ya shigo wayar ce, ba lallai ranar da aka ɗauka ba. Duk hoton da aka samu mai WA, a tambaya waye ya ɗauka, a bi shi har a samu asalin. In asalin ya ɓata, a ajiye na WhatsApp ɗin, a rubuta cewa kwafi ne.

Hanya mafi tsafta ita ce a sa rana, mutane su zo da wayoyinsu, a jona kowace da kwamfuta ta igiyar USB, a kwafe daga folda mai suna DCIM. Xender ma ba ya matse fayil. Wanda ke nesa ya tura a matsayin Document. Saƙonnin murya suna cikin foldar WhatsApp a ƙarƙashin Media, a sababbin wayoyin Android kuma sai an bi ta Android, media, com.whatsapp. Suna zuwa da tsarin opus, wanda ba kowace na'ura ke buɗewa ba, don haka a yi kwafinsu zuwa WAV ko MP3 da manhajar VLC, a bar asalin yadda yake. Wayar da allonta ya mutu kada a bari mai gyara ya yi mata filashin, domin wannan shi ne goge komai. A gaya masa tun farko cewa abin da ke ciki ake so, ba wayar ba.

Hoton da babu suna

A ganina nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gajiya a bari. Hoton 'yan wasa goma sha ɗaya a tsaye da takunkumi a fuska, ba suna ba rana, nan da shekara ashirin ba zai gaya wa kowa komai ba. Takunkumin ma ya ƙara wahalar gane mutum. Yanzu ne kyaftin da koci ke iya zama su ce wannan wane ne, wannan wane ne.

A buɗe rajista, ko a Excel ko a littafi mai layi, kowane abu da layinsa: lamba, sunan fayil, ranar da aka yi, wuri, wanda ya ɗauka ko ya rubuta, waɗanda ke ciki, wanda ya kawo, da irin izinin da ya bayar. A hoton ƙungiya a jera sunaye daga hagu zuwa dama, a fara da na tsaye sannan na tsugune, kowa da cikakken sunansa da laƙabin da aka san shi da shi a fili da sashen karatunsa. Laƙabin yana da muhimmanci, domin abokan wasa da yawa ba su san sunan yanka na junansu ba. Inda ba a tabbatar da rana ba a rubuta “wajen Yuni 2020” maimakon a ƙirƙiro. Inda mutum biyu suka saɓa kan sakamakon wasa a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2021-02-13_kwallon-kafa_atisaye_001, domin ta haka kwamfuta za ta jera su bisa lokaci da kanta. A sunan fayil a guji haruffa masu lanƙwasa da alamar tambaya da tazara, saboda wasu na'urori suna rikita su. Amma a cikin rajista a rubuta Hausa daidai da ƙa'idarta. Kuma a tanadi gurbi ɗaya na tsohon sunan fayil, don a iya komawa ga asali.

Game da wasanni, kada a tsaya kan wasan da aka buga. Jadawalin gasar da aka soke, jerin sunayen waɗanda aka zaɓa ba su je ko'ina ba, takardar sanarwar rufe filin wasa, tsarin atisayen gida da koci ya rubuta, hoton filin da ciyawa ta cinye, duk su ne tarihin wannan shekarar. Haka na kwalejojin ilimi da foliteknik masu gasar NICEGA da NIPOGA, da gasar tsakanin sassa da ta ɗakunan kwana, waɗanda ba kasafai jaridu ke rubuta su ba. Ƙungiyoyin mata na ƙwallon hannu da na raga da wasan tsere su ne aka fi mantawa, a neme su da gangan.

Abin da ba a ɗauka a hoto ba sai a samo shi daga baki. Hira ta minti 30 zuwa 45 ta isa. A zauna a ɗaki mai labule ko kafet, a kashe fanka, a sa wayar a yanayin jirgi don kira kada ya katse, a ajiye ta kamar taƙi biyu daga bakin mai magana a kan tsumma mai laushi. A fara da faɗin rana da wuri da sunan mai tambaya da mai amsa. Tambayar “yaya ka ji?” ba ta cika kawo komai ba. A tambayi ina yake ranar da aka ce a bar makaranta, me ya bari a ɗakinsa, ina ya riƙa gudu lokacin kulle, wa ya daina wasa bayan an dawo kuma me ya sa. Idan manhajar na ba da zaɓi a ɗauka a WAV. Awa guda a 48 kHz, bit 16, layi ɗaya, tana cin kusan megabayit 345.

Rubutu da zane

Waƙar da aka liƙa a Facebook ko a zaure a kwafe rubutun kansa, a ajiye a fayil mai tsarin UTF-8, wanda ke riƙe haruffa masu lanƙwasa daidai, sannan a ɗauki hoton allo da ke nuna rana da sharhin mutane. Hoton allo kaɗai ba ya isa, ba a iya bincike a cikinsa. Rubutun da aka buga da tsofaffin haruffan Hausa na kwamfuta waɗanda ba na Unicode ba, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urori ke amfani da shi, yana da tarko: a kwamfutar da babu wannan font ɗin, ƙ da ɗ da ɓ sai su rikiɗe su zama wasu alamomi. A buɗe shi a kwamfutar da ke da font ɗin, a fitar da PDF, sannan a gyara haruffan a sabon kwafi. Kada a gyara wa ɗalibi rubutunsa a asali, ko da akwai kuskure. In akwai zubin farko da na biyu da na ƙarshe, a ajiye duka. Shafin intanet na mujallar ɗalibai kuma a liƙa adireshinsa a Save Page Now na Wayback Machine, rumbun da ke ajiye kwafin shafukan intanet, shafi bayan shafi.

Takarda a yi mata sikanin a 300 dpi (yawan ɗigo a kowane inci), hoton da aka wanke a 600 dpi, mai launi ko da rubutun baƙi ne, domin launin tawada da na takarda bayani ne. Shafin A4 a 300 dpi a tsarin TIFF yana kai kusan megabayit 26. Shi ne uwa, daga shi ake fitar da JPEG na rabawa. Zanen da ya fi ƙarfin gilashin sikana a ɗauke shi da waya a inuwa, da safe, a shimfiɗe, ba tare da walƙiyar kyamara ba, wayar tana daidai saman tsakiyarsa don kada gefe ya karkace. A ajiye rula da farar takarda a gefensa don a san girma da ainihin launi. A ɗauki bayansa ma, nan ne ake samun sa hannu da rana da makin malami.

Kwafi uku

Ƙa'idar masu adana bayanai ita ce kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a hadi-disk na waje, ɗaya a intanet ko a hadi-disk na biyu da ke wani gari. A lissafa wuri tun farko. Hotuna 2,000 sukan kai gigabayit 8. Bidiyon waya mai 1080p yana cin kusan megabayit 130 a minti, wato wasan minti 90 ya haura gigabayit 11. Gigabayit 15 na kyauta da Google ke bayarwa ba zai ɗauki wasa biyu ba. Hadi-disk mai terabayit ɗaya ya wadatar da yawancin ƙungiyoyi.

Filashi da memori na kai saƙo ne, ba na ajiya ba. Cajin da ke riƙe bayanai a cikinsu yana zurarewa idan sun daɗe a ajiye, zafi kuma yana hanzarta hakan. Ga jabu a kasuwa: memori ya nuna gigabayit 64 alhali 8 ne, ya karɓi fayil kamar lafiya, sai an zo buɗewa a tarar da wofi. A gwada kowane sabo da manhajar H2testw, wadda ke cika shi ta sake karantawa. Idan bidiyo ya ƙi shiga alhali akwai wuri, tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabayit 4. A mayar da na'urar exFAT tun tana wofi. Filashin da aka soka a shagon buga takardu ya dawo foldodinsa sun koma gajerun hanyoyi (shortcut), ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su, ba gogewa ta yi ba, don haka kada a yi masa fomatin. A yi kwafi da laftof mai cikakken caji saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na lalata fayil. Bayan an gama a gwada yawan fayiloli da jimillar girmansu a ɓangarorin biyu, wanda ya iya kuma ya fitar da lambar SHA-256, wadda ke nuna ko fayil ya canza, da manhajar 7-Zip ya ajiye.

Takarda, jesi, kofi

Laminatin ba adanawa ba ne. Zafi da gam suna shiga takardar, kuma ba a iya cire ta daga baya. Salatif yana rawaya ya bar tabo, fil ɗin sitefila yana tsatsa da damina ya ci takarda, a cire su a hankali. Zanen gawayi ko alli kada a sa shi a leda, ledar na jan ƙurar launin. A raba su da farar takarda mai santsi, a kwantar. Akwati ya zauna a kan kanta, aƙalla taƙi guda daga ƙasa, kada ya jingina da bango saboda gara da laima. Danshin da ya wuce kashi 65 cikin ɗari yana kawo fumfuna, don haka a watan Agusta a riƙa buɗewa ana dubawa. Rasit da tikitin da aka buga a takardar nan mai santsi irin ta POS suna dushewa da kansu, a yi musu sikanin da wuri.

Jesi a wanke, a bar shi ya bushe sarai, ba sitati ba guga a kan lamba, a sa farin ƙyalle tsakanin lambar da sauran rigar don kada ta manne, a naɗe cikin yadin auduga. Kofi da lambar yabo a goge da busasshen tsumma kawai. Toka da lemun tsami suna cinye rufin da ke kansu.

Izini

Waƙa ta mai rubutawa ce, hoto na mai ɗauka ne, ba na ƙungiya ba, sai in an yi yarjejeniya. Kuma akwai abin da ya wuce doka. Ɗalibar da ta yi wasa a 2020 ta yiwu yau tana gidan aure kuma ba ta son hotonta a fili. Wani ya rasu, sai a nemi iyalansa. Maganar wanda ya kamu da korona bayanin lafiya ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa shi cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Takarda mai shafi ɗaya ta isa, da zaɓi uku: a wallafa a fili, a ajiye don masu bincike kaɗai, ko a rufe har zuwa shekara kaza. Hirar zaure da aka fitar tana ɗauke da lambobin wayar mutane, kada a ɗora ta a intanet yadda take.

Ƙungiyar ɗalibai tana sauya shugabanni duk shekara, shi ya sa kwafi ɗaya ya kamata ya koma hannun wata cibiya mai ɗorewa. A fara da ɗakin karatu na makarantar, kamar na Kashim Ibrahim a Zariya, na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato ko na Ramat a Maiduguri, a nemi ganin mai kula da sashen adana takardu, a je da rajistar a buge. A rubuta abin da aka miƙa da sharuɗɗan izini, ɓangarorin biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Abin da masu shi suka yarda a wallafa ana iya ɗora shi kyauta a rumbun intanet na Internet Archive.

Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu, a kuma rubuta ta a ambulan da aka liƙe. A sa rana ɗaya a shekara, misali a Afrilu kafin ruwa ya sauka, a jona kowane hadi-disk, a buɗe fayil ashirin daga foldodi daban-daban, a shiga asusun Google don kada ya cika shekara biyu a rufe, a duba akwatin takardu. Hadi-disk ɗin da ya kai shekara biyar a kwafe shi zuwa sabo ko da bai nuna alamar gajiya ba, a rubuta ranar a rajista.